Hadarin da Ba Ya Samun Suna Sai Ya Bar Mu

Ranar 10 ga Oktoban 1998 wani curin hadari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ya faɗa kan Tekun Atlantika. Babu wanda ya damu da shi, domin bai bambanta da sauran hadarin da ke ratsa wannan yanki duk damina ba. Ya yi fiye da mako guda yana tafiya yamma har ya isa Tekun Karebiyan, inda ruwa ke da ɗumi ƙwarai. A nan ya fara juyi, ya kumbura, ya rikiɗe ya zama guguwa, cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami ta raɗa mata suna Mitch. Ranar 26 ga wata iskarta ta kai gudun kusan kilomita 290 a awa guda.

Amma ba wannan iskar ce ta cika maƙabartu ba. Lokacin da Mitch ta hau tudu a Honduras ranar 29 ga Oktoba, ƙarfinta ya riga ya karye. Sai dai ta ƙi wucewa. Ta yi ta jan jiki a kan duwatsun ƙasar tana tsiyayar da ruwa dare da rana. A garin Choluteca an auna fiye da milimita 900 cikin 'yan kwanaki, kusan abin da ƙasar Zuru ta jihar Kebbi ke samu a damina guda cur. A Nikaragua gefen dutsen Casita ya zaftaro ya binne ƙauyuka da mutum fiye da 2,000. Da aka gama ƙirga gawa a Amurka ta Tsakiya an haura 11,000, mafi yawan amfanin gonar Honduras kuma ya bi ruwa. Duk wannan a ƙarshen lokacin guguwa ne, sa'ad da mutane suka fara sakin jiki. A lissafinsu na can lokacin yana buɗewa 1 ga Yuni ya rufe 30 ga Nuwamba, ganiyarsa kuwa a Satumba take.

Mai karatu a Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru, yana iya cewa, to ina ruwan biri da gada? Yana da gaskiyarsa ta wani gefen. Mahaukaciyar guguwa irin ta Mitch ba za ta taɓa zuwa ƙaramar hukumar Sakaba ba, don ba ta rayuwa sai a kan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko fiye, da ta hau ƙasa kuma take fara mutuwa. Amma irin hadarin da ke haifar ta, wannan namu ne, a kanmu yake bi.

Ga yadda abin yake. Arewa da mu Sahara ce mai zafi da bushewa, kudu da mu iska ce mai laima da sanyi-sanyi daga tekun Gini. Wannan bambanci shi ke tayar da wata iska mai ƙarfi can sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, wadda ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma duk damina. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa tana tafe da hadarinta, duk bayan kwana uku zuwa biyar. Tsaunukan Habasha da na Darfur, duwatsun Abzin da tudun Jos, su ne wuraren da hadarin ya fi ƙulluwa idan rana ta take. Shi ya sa tun kaka da kakanni idan ana duban hadari gabas ake dubawa. Kimanin irin wannan lanƙwasa 60 ke fita teku a shekara. Yawancinsu a banza suke watsewa, amma masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga cikinsu suke fitowa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Daga ranar da hadarin ya bar gaɓar Senegal ko Gini, sai ya zama abin lura. Ana bibiyarsa, a ba shi lamba, in ya girma a ba shi suna, a tura jiragen sama su ratsa cikinsa su auno shi, a zana wa jama'a hanyar da zai bi kwana biyar gaba. A 2006 hukumar NASA har sansani ta kafa a tsibirin Sal na Cape Verde don nazarin hadarin da ke fitowa daga wajenmu. Amma a kwanakin da yake kanmu, yana kwantar da dawa yana yaye rufin makarantu, ba shi da suna, ba shi da lamba, kuma galibi babu wanda ya auna ko milimita nawa ya zubar.

A ƙasar Zuru babu ruwan da ya fi na Oktoba tsada. Mai dawa roƙonsa yake yi, mai gyaɗa gudunsa yake yi, sau da yawa kuma mutum ɗaya ne. Dawar wannan yanki doguwa ce mai daɗewa, sai Nuwamba ko Disamba take shiga rumbu. A Oktoba ta fitar da kai, tana neman ruwa ɗaya ko biyu ta ƙosa, wake ma haka. In ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniya ta fito ba nauyi. Amma a wannan watan ne kuma aka cire gyaɗa aka baje ta a gona, aka karye masara aka tara, aka yanke shinkafar tudu aka jera tana jiran bugu, aka ɗaure harawa. Aikin wata biyar yana shimfiɗe a fili ba rufi. Ruwan Agusta yana samun amfanin gona a tsaye da ransa, ya sha ya ƙara girma. Na Oktoba yana samunsa a kwance.

Kuma hadarin ƙarshen damina ba ya zuwa da ladabi irin na marka. Zafin agazari ya dafa ƙasa, busasshiyar iskar arewa ta fara kutsowa ta sama, sai hadarin ya zo da iska a gaba, mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara. Dawa ta yi tsawon da ya ninka mutum, kanta ya yi nauyi, ƙasa ta yi laushi da ruwan wata huɗu. Minti ashirin sun isa gona guda ta kwanta. Wadda ta kwanta kuwa, abin da ya taɓa ƙasa na gara ne da ɓera, sauran ya yi baƙi. Rufin kwanon da aka buga da ƙananan ƙusoshi a kan katako marar ƙwari shi ma a nan yake tashi, musamman yanzu da gatarin masu gawayi ya cinye itatuwan da a da ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gari.

Akwai kuma abin da ya ƙara dagula lissafi, wanda mutanen Sakaba ba su buƙatar a tuna musu. Tun da 'yan bindiga suka addabi masarautar Zuru, girbi ya daina zama aikin da mutum ke yi a lokacin da ya ga dama. A watan Maris na 2022 'yan sa-kai fiye da 60 aka kashe a kwanton ɓauna guda a wannan yanki. Manomin da a da zai kwana a bukkar gona ya tsare tarin masararsa, yanzu sai rana ta ɗaga yake fita, kafin la'asar ya kamo hanyar gida. 'Yan ƙwadago sun yi tsada, gayya ta yi wuya, mai mota na tsoron shiga daji. Aikin da ake gamawa a kwana uku sai ya ɗauki mako biyu, kuma kowane daren da amfanin gona ya ƙara a fili, dama ce aka ƙara wa hadari.

Asarar ma ba a gona take ƙarewa ba. Masara ko gyaɗar da ruwa ya daka bayan girbi, in aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi hunhuna, hunhunar kuma tana fitar da gubar da likitoci ke kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta tana tsumburar da yara. Dafuwa ba ta kashe ta. A 2004, a gabashin Kenya, ruwa ya sauka a kan masara lokacin girbi, aka adana ta da danshi, mutum 125 suka mutu da cin ta. A wajenmu abin da aka saba shi ne a tsince mai kyau a kai kasuwa, mai tabon a bar wa gida, a yi tuwo da ita ko a matse mai a yi ƙuliƙuli. Wato mafi munin abin da hadarin ya bari, cikin yaran manomin yake shiga.

To, wa ke ƙirga wannan? A 2020, da ambaliya ta cinye fadamun Kebbi, an ba da lissafin hekta kusan 450,000 na shinkafa. Manyan jami'ai sun zo jaje, jaridun duniya sun ɗauka. Ya cancanta, don asara ce babba, kuma a lokacin shinkafar Kebbi ita ce idon gwamnati tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Amma ambaliya tana da hoto: ruwa ya shafe gona, ga kwalekwale a inda ake noma jiya. Dawar da ta kwanta a Makuku ko Dankolo ba ta da hoton da zai ja hankalin kowa. Gona ɗaya nan, biyar can, babu rahoto, babu lissafi. Sai dai a watan Yuni a ji tiyar dawa ta yi tashin gwauron zabi, a ɗora laifin a kan 'yan kasuwa masu ɓoye abinci.

Rashin awon ba na Kebbi kaɗai ba ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Wani lissafi da aka buga a mujallar Nature a 2023 ya nuna Amurka da Tarayyar Turai suna da na'urorin rada na yanayi 636, Afirka gaba ɗaya tana da 37. A kudancin Kebbi tsohuwar tashar da aka sani ita ce ta Yelwa a Yawuri, alhali hadari na iya zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a Dirin Daji, Yelwa ko ɗigo ba ta gani ba. Ga shi kuma abin ƙaruwa yake yi. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka fitar a 2017, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa yawan hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, saboda yadda Sahara ke ƙara zafi. Wanda ya yi noma a 2019 zai tuna yadda ruwa ya zarce cikin Oktoba a sassa da dama na Afirka ta Yamma.

Ba zan ce hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana barci ba. Kowace shekara tun kafin bazara takan fitar da hasashen damina, da ranar farawa da ranar ɗaukewa ga kowace ƙaramar hukuma, har ana fassara shi da Hausa. Tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku. Matsalar ita ce ba wannan ne abin da mai gyaɗa a shanya ke nema ba. A ce masa “ana sa ran tsawa da ruwa a sassan Kebbi da yamma” bai ƙare shi da komai ba, jiha ce mai ƙananan hukumomi 21, daga Kamba a bakin iyakar Nijar har Wasagu. Ranar ɗaukewar ruwa da aka faɗa tun watan Fabrairu kuwa kintace ne, amma da ta shiga kunnen manomi sai ta zama alkawari, ya baje kayansa da ƙarfin gwiwa. Tambayarsa guda ce: yau da dare, a nan, in rufe ko in bari?

Ita wannan tambayar tana da amsa, kuma ba sai an sayi rada ta biliyoyin naira ba. Taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sababbinsu duk minti 10, hukumomin yanayi na Afirka kuma suna karɓar hotunan kyauta. Babban hadari yana tafiya yamma da gudun wajen kilomita 50 a awa. Daga tudun Jos zuwa ƙasar Zuru ya haura kilomita 400, wato wanda ya ƙullu a can da azahar ba zai iso ba sai dare ya yi. Wanda ya wuce Birnin Gwari yana da sauran awa biyu zuwa uku kafin ya taɓa Sakaba. Ba kowane hadari ne ke tasowa daga nesa haka ba, wani a kanka yake haɗuwa ya sauka, wani kuma ya mutu a hanya. Amma manyan, masu iskar da ke ɓarna, su ne suka fi daɗewa a raye, su ne kuma suka fi sauƙin bi. Tun daga 2017 wani shirin haɗin gwiwa mai suna SWIFT, wanda Jami'ar Leeds ta Ingila ta jagoranta tare da NiMet da cibiyar ACMAD ta Yamai, ya horar da ma'aikata a kan irin wannan hasashe na 'yan awoyi. Ilimin yana Abuja. Hanyar da zai bi ya iso kunnen mai gona ce babu.

Abin da ya sa nake ganin Sakaba ta fi wurare da yawa dacewa da wannan aiki zai yi ɗaci a faɗa: wahala ta riga ta gina mata hanyar. Yau babu ƙauyen da ba shi da wanda ake kira idan an ga wucewar babura a daji. Cikin minti kaɗan labari ya tashi daga wannan gari ya faɗa wancan, ta waya, ta bakin 'yan acaɓa, ta mai unguwa, ta lasifikar masallaci da ta coci. Ba gwamnati ce ta tsara ba, tsoro ne ya tsara, kuma yana aiki fiye da kwamitoci da yawa masu ofis da hatimi. Idan ma'aikaci guda a sakatariyar Dirin Daji zai riƙa samun saƙo daga masu duban hoton tauraro, ya jefa shi cikin wannan hanya da Hausa da C'lela da sauran harsunan yankin, an gama rabin aikin. Sharaɗi ɗaya ne: kalmar gargaɗin hadari ta bambanta sarai da ta gargaɗin hari, kada a ce a rufe gyaɗa mutane su watse daji.

Na san abin da za a ce. Na farko, gargaɗi ba ya riƙe dawa a tsaye. Haka ne, wadda iska za ta kwantar sai ta kwantar. Maganin wannan yana wajen iri mai gajeren kara da dashen itatuwa, aikin shekaru. Amma awa uku sun isa a tattara shanya, a ja tamfol a kan tarin shinkafa, a ɗora buhuna a kan katako, a kwance dabbobi daga gindin bishiya, a hana yara ƙetare rafi, a fasa bugun da aka shirya yi da yamma. Na biyu, za a yi gargaɗi hadarin ya kauce, mutane su yi dariya. Za a yi. Wanda ya rufe gyaɗarsa ruwa bai zo ba ya yi asarar awa guda, wanda bai rufe ba ruwa ya zo ya yi asarar shekara. Na uku, akwai masu ganin hasashen yanayi shisshigi ne cikin gaibu. Wanda ya hau dutse ya hango hadari ya ƙwala wa gida kira a kwashe shanya, babu malamin da zai ce ya yi duba. Tauraron ɗan'adam dutse ne da ya fi tsawo, shi ke nan. Malamanmu ma ai sun daɗe suna lissafin taurarin noma, su Sarfa da Iwa da Simaku, kwana goma sha uku-uku, ba wanda ya kira shi saɓo.

Guguwar Melissa ta Oktoban 2025, wadda ita ma daga hadarin Afirka ta Yamma ta samo asali, ta nuna abin da gargaɗi da awo ke saye. Ta faɗa wa kudu maso yammacin Jamaika ranar 28 ga wata da iskar kusan kilomita 295 a awa, ta fi Mitch ƙarfi nesa ba kusa ba a lokacin hawa tudu. Ɓarnar dukiya ta kai biliyoyin daloli, amma an yi kwanaki ana shela, an buɗe mafaka, an kwashe mutane. Haiti, wadda guguwar ba ta ma taka ba, gefen ruwanta kawai ta samu, ta rasa mutum fiye da 40, kusan daidai da Jamaika da aka daka kai tsaye. Sannan Jamaika ta karɓi dala miliyan 150 daga wata inshora da Bankin Duniya ya shirya mata, ba tare da jiran kwamitin tantance ɓarna ba, domin sharaɗin biyan a rubuce yake: in guguwa ta bi ta wuri kaza da ƙarfi kaza, a biya. Awo ne ya fitar da kuɗin. Mu ma muna da hukumar inshorar noma ta NAIC, amma da wace shaida manomin Janbirni zai ce ruwa kaza ya sauka a gonarsa daren kaza? Inda ba a auna ba, abin da ya rage shi ne ihu bayan hari: buhun shinkafa, katifa da bandir ɗin kwano, a raba a gaban kyamara bayan wata biyu.

Mali, wadda ba ta fi mu arziki ba, tun 1982 ta fara raba wa manoma ma'aunin ruwan sama, suna rubuta abin da ya sauka suna aikawa, ana karantawa a rediyo tare da shawarar abin da ya kamata a yi a gona. Ma'aunin nan ba wata na'ura ba ce mai wuyar sha'ani, mazubi ne mai zane, ɗan sakandare na iya karanta shi kowace safiya. A Zuru yanzu akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa a 2020 a kan harsashin tsohuwar kwalejin aikin gona. Ban ga aikin da ya fi dacewa da ita ba kamar ta zama matattarar alƙaluman ruwan sama na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, ta kuma riƙa bin gonaki bayan kowane babban hadari tana rubuta abin da ya kwanta da abin da ya ruɓe. Shekara biyar na irin wannan rubutu za su ba ɗan majalisar yankin abin da zai ajiye a kan tebur a Birnin Kebbi, maimakon ya tashi ya ce mutanensa suna cikin wani hali.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Ni dai ba zan shawarci mai gyaɗa ya jira wannan ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na jan ƙafa. Ma'aunin ruwa guda a makarantar kowace mazaɓa, waya da katin kira ga malamin gona, da yarjejeniya da ofishin NiMet na jiha, ba su kai kuɗin motar shugaban ƙaramar hukuma ba. Lokacin tsara kasafin baɗi yana zuwa daidai da shigar dawa rumbu. Kansilolin Sakaba su nemi a nuna musu layin da aka rubuta wannan a ciki, da ma'aikacin da aka ɗora wa ɗaga waya idan hadari ya wuce Birnin Gwari da la'asar.